Sai da Baba ya saurari bindigar

"Ba ni ba ka ita, Malam. Mai sunan da ke ga lasin, shi za ya zo da ƙafarshi."

Haka dillalin bindigogi ya ce min a Sakkwato, bayan na taso tun daga Tambuwal. Raina ya ɓaci, amma washegari na tafi Kebbe na ɗauko Baba.

Shekara uku rabon Baba da farauta, tun ranar da bindigar maƙera ta fashe ta tafi da yatsunshi biyu. Birai suka mai da gonarshi tasu. Shi ya sa na yi mishi alkawarin mai baki biyu, ta kamfani.

Dillali ya duba takardu tsaf, sannan ya fiddo guda biyu. Baba bai ko kalli adonsu ba. Ya kwance bakin ta farko, ya rataye da zare, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne.

"Wagga muryarta ta dishe, akwai rauni ciki."

Ta biyu kuwa ta amsa tangaran, kamar ƙararrawar makarantarmu.

Nan take dillali ya janye ta farko, ya ce ba ya saida ta ga kowa. "Baba, wa ya koya maka wanga aiki?"

Baba ya ɗaga hannunshi mai yatsu uku. "Ga malamina."

Wallahi ran nan kaina ya fi hulata girma. Ni da alli nika koyarwa, shi da jininshi ya karanta.

Ku fa, wane ilimi iyayenku suka saya da jikinsu?