Ranar da Garzali Ya Tsare Raga

Garzali mutumin Gusau ne, gadi yake yi a wani dogon bene a unguwar West Bay da ke Doha. Aikin na neman abinci ne kawai, ransa yana wajen ƙungiyar ƙwallonmu ta 'yan Arewa, wadda ke wasa duk Juma'a bayan la'asar a wani fili a Ain Khaled. Shi ne koci, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Ni baya nake buga musu.

Golanmu tun farko Haladu ne, direban wani gida a Al Aziziya. Shi ya tarbi Garzali ranar da ya sauka Doha, har katifarsa ya ba shi. Sai dai furfura ta fito, gwiwa kuma ta fara gardama.

Garzali ya ce ƙungiya mai gola ɗaya wasan yara ce. Ya bi Musbahu, wani ɗalibi dogo, har ƙofar masallaci yana lallashi sai da ya amince. Ya kuma zare Gafaru daga ƙungiyar 'yan Kumasi da daɗin baki da shinkafa da kaza. Duk wannan dabara ce mai kyau. Inda ya ɓata, kowannensu ya ce masa shi ne na ɗaya, shi kuwa Haladu, Garzali ya kasa ce masa komai. Na yi masa magana, ya ce, "Haba, da wane bakin zan ce wa Yaya Haladu ya zauna a benci?"

Aka zo wasan ƙarshe na gasar masu gadi, mu da 'yan Uganda. Fili ya cika, amma ba gola ko ɗaya. Garzali ya kira Musbahu, yaron ya ce ai ba zai tsaya a raga dattijo na zaune ba, ya bar wa Baba Haladu. Gafaru ma haka, kara ya yi, har ya karɓi aikin wani a ranar. Na ce, "To kira Haladu mana!"

Garzali ya kalli wayar, ya mayar aljihu. "Sai yanzu da na rasa kowa? Khalas, shi ke nan, ni zan shiga."

Mutum mai tumbi, ba safar hannu, bai taɓa kama ƙwallo ba a rayuwarsa. Ta wuce ta gefe, ta wuce ta sama, ɗaya har ta tsakanin ƙafafunsa. 'Yan Uganda suka fara tafa masa. Wallahi na ji kunya har na daina ɗaga kai, kuma haushinsa ya cika ni.

Da aka tashi, muna fita ta bayan fili, sai ga motar gidan su Haladu a jikin shingen waya. Yana ciki, sanye da rigar gola, safar hannunsa a kan cinya. Ashe tun kafin a fara yake nan. Ya ji an kawo sababbi, shi kuma ba zai shigo ba sai an kira shi.

Garzali ya tsaya cak, duk jikinsa ƙasa.

Haladu ya sauke gilashi, ya dube shi, ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Na riƙe wayar a hannu har aka busa tashi."