Ƙarafan da Alhaji ya zaɓa

Lokacin da muka cika shekara biyu a Greensboro, Alhaji ya sayo wata mota a gwanjo, irin wadda Amurkawa ke tafiya hutu da ita. Mota ce, amma da gado a ciki, da kicin, da banɗaki, har da labule. Tsawonta ya kai na bas ɗin Kano zuwa Legas. Ya kai ta gidansa na Pleasant Garden ya ajiye a kan ciyawar bayan gida, duk wanda ya je gaisuwa sai an zagaya da shi ya gani. Ni ma an zagaya da ni. Na ce ma sha Allahu, a raina kuwa ina cewa mutumin da ɗakunan gidansa suka yi masa yawa, me zai yi da ƙarin ɗaki mai taya.

Alhaji ba danginmu ba ne, amma shi ne babba a cikin Hausawan garin. Shi ya ɗauko mijina daga filin jirgi lokacin da ya zo ƙaro karatu, a gidansa ya zauna har ya sami ɗaki, kuma shi ya yanka ragon sunan 'yarmu. Ban taɓa musun wannan ba. Abin da ya ci mini rai shi ne tun daga nan mijina ya manta yadda ake ce masa a'a. In Alhaji ya ce dare ya yi da tsakar rana, sai Malam ya ce to, ya tashi ya kunna fitila.

Malam nake kiran mijina. Ya iya gyaran mota tun yana yaro, a garejin kawunsa ya tashi kafin boko ta janye shi, shi ya sa Asabar da Lahadi motocin Hausawan garin a ƙofarmu suke wuni. Da aka gano birkin babbar motar na baya yana zubar da mai, ba a ma nemi shawararsa ba. Alhaji ya bugo waya ya ce ranar Asabar.

Da farko Malam ya yi abin da ya dace. Ya ce jak ɗagawa kawai yake yi, babu mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sai an tokare ta da ƙarafan nan masu ƙafafu da suke ce wa jak-stan, kuma nasa na ƙananan motoci ne. Alhaji ya ce to a je a sayo. Motarmu ɗaya ce, ni kuma ina son manja da doya a wani shago da ke High Point Road, shi ya sa na bi su da goyona har shagon kayan mota.

A can ƙarshen layi ƙarafan suke jere. Malam ya durƙusa ya jawo wasu manya, da ƙyar ya ɗaga ɗaya. Ya nuna wa Alhaji faɗin gindinsu da kaurin ƙarfen, da wata sakata da ake zurawa ta ratsa sandar ta fito ɗaya gefen, ba irin masu haƙoran nan da kan zame ba. Ya ce bayan motar kaɗai ya ninka motarmu nauyi, kuma nauyin da ake rubutawa a jikin kwalin na guda biyu ne a haɗe. Ya ce huɗu yake so, a kan siminti, a kuma danne tayoyin gaba da katako. Duk a hankali ya faɗa, kansa a ƙasa, kamar mai neman alfarma.

Alhaji ya yi dariya. Ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauko kwalin wasu jajaye, masu siraran ƙafafu.

"Kai Malam, Amurka ta koya maka tsoro. Mu da muka ga ana ɗora babbar motar roka a kan kututture a Ƙofar Ruwa, mutum ya shiga ya yi aikinsa har ya yi barci? Duba nan, heavy duty aka rubuta."

"Haka ne, Alhaji, sai dai..."

"Sai dai me? Waɗancan ƙattin ina zan ajiye su in an gama? Allah ke tsarewa."

"To, Alhaji."

Ni ma 'yar Kano ce. Kututturen da yake magana a kai ya fi turmi faɗi, ƙasar wurin kuma rana da baƙin mai sun mayar da ita dutse. Sannan duk ganin da Alhaji ya yi daga tsaye ya yi shi, bai taɓa kwanciya ƙarƙashin ko Vespa ba. Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya jira na.

"Alhaji, ai shi ne zai shiga ƙarƙashin," na ce.

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau, ya yi murmushi.

"Amarya, je ki sayo manjanki."

Muka koma gida ni da Malam. Muna shiga ya ce na kunyata shi a gaban mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa. Na ce na ji, na yi laifi, amma don Allah ya koma shi kaɗai ya sayo manyan, babu wanda zai sani sai ranar. Ya zauna a bakin gado yana murza goshi.

"In ya ga na sauke su daga but ɗin mota, ai na ce masa bai san abin da yake yi ba ke nan, a gidansa, a gaban iyalinsa. Ba zan iya ba. Zan sa katako a ƙarƙashi, zan yi a hankali."

Ya san ƙarafan ba su isa ba. Wannan ne abin da har yau yake tsaya mini a wuya. Da jahilci ne da na haƙura tuntuni.

An wuni ana ruwa ranar Juma'a. Jar ƙasar Carolina in ta sha ruwa sama-sama take bushewa, ƙarƙashi kuwa kamar kwaɓin fulawa. Da muka isa ranar Asabar da hantsi, na ji Malam yana tambaya ko za a matso da motar kan simintin gaban gida. Alhaji ya ce mai zai ɓata masa siminti, bai daɗe da sa an wanke shi ba. Ya sa aka kawo masa kujerar roba ƙarƙashin bishiya, da shayi, da rediyonsa.

Ni ina kicin ina taya Hajiya, matar Alhaji, suyar waina. Na gaya mata komai, ina ganin ko ita za ta iya yi wa mijinta magana. Ta juya wainarta ta ce in ƙyale su, aikin maza ne, in na fiye magana sai a ce ni ke juya Malam. Na koma gaban taga ina wanke kwanukan da ba su da datti. Daga nan ina hango tayar da Malam ya cire a jingine, da ƙafafunsa biyu da suka fito daga ƙarƙashin motar, da Alhaji yana nuna wani abu da kofin shayi.

Motar ba ta yi ƙara sosai ba. Wani nishi kawai na ji, sai kwanukan kicin ɗin cikin motar suka zube. Ƙafar ƙarfe ɗaya ta fasa katakon ta nutse, sauran suka lanƙwashe, motar ta kwanta gefe a hankali. Malam ya ga tana tahowa ya mirgino. Jikinsa ya fito, hannunsa na dama bai fito ba.

Ban san yadda na fita ba. Na same shi idonsa a buɗe yana ta salati, Alhaji kuma yana zagaye motar yana innalillahi, ya kama jak ya rasa inda zai sa shi. 'Yan kwana-kwana ne suka zo suka ɗaga ta. A asibiti aka cire yatsu biyu. Sauran ukun suna nan, amma ba sa dunƙulewa.

Jama'a sun yi mana kara, ba zan ci amanarsu ba. An cika falonmu da 'yan jaje, Hajiya ta yi ta aiko farfesu. Kowa ya zauna sai ya ce ƙaddara ce, Allah ya taƙaita, da kansa ta danne fa. Babu wanda ya ambaci ƙarafan, ko mutum ɗaya, alhali duk sun sani. Ni Musulma ce, na yarda da ƙaddara, amma ina tsaye aka ɗauko kwalin nan, na ga hannun da ya ɗauko shi. Da na faɗi haka gaban wata Anti, sai ta ce in yi istigfari, shaiɗan ne ke zuga ni.

Malam ya koyi rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya. Karatunsa ya ja baya, bai sake riƙe sufana ba. In muna da baƙi sai ya ce ya ƙoshi, daga baya in kai masa abinci ɗaki, don kada a ga da wane hannu yake ci.

Ranar da likita ya ce zai iya fita, ya sa farar shaddarsa, na ɓalla masa maɓallan wuya, ya ce in kai shi gidan Alhaji. Ni na tuƙa. Duk hanyar Pleasant Garden na ɗauka yau dai zai faɗi ko kalma ɗaya ce, a hankali, kansa a ƙasa, yadda ya saba. Da ita ma ta ishe ni.

Muka sami Alhaji a falo da baƙi. Malam ya cire takalmi ya rusuna, Alhaji ya miƙo masa hannu. Malam ya dubi nasa da ke rataye a ƙirji cikin bandeji, sannan ya miƙa ɗayan.

"Alhaji, a gafarce ni, hagu ce. Ga shi kuma aikin ban ƙarasa maka ba."

Alhaji ya riƙe hannun, ya dubi baƙinsa, ya gyaɗa kai.

"Ba komai, Malam. Na yafe maka."

Ina tsaye a bakin ƙofa da goyo na ji mijina ya ce ya gode.