Layukan Da Ban Gani Ba

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, lokacin da direbobin Jimeta ke ta rikicewa a mahaɗar hanya, ina aji huɗu a sakandare. Malaminmu na kimiyya ya raba mu bibbiyu, ya ce za a baje kolin ayyukan ɗalibai a Maiduguri, babban birnin jiharmu a lokacin, kuma mutum ɗaya makaranta za ta tura.

Aka haɗa ni da wani ɗan masunta daga bakin tafkin Njuwa, aka ba mu binciken hasken rana. Muka samo dogon kwali, muka manna reza biyu a bakinsa, tsakaninsu kamar silin gashi, muka sa gilashi mai kusurwa uku a ciki. Malam ya hana mu kallon rana kai tsaye. Farar takarda ake shimfiɗawa a fili, a leƙi haskenta ta cikin kwalin, sai ya watsu launi-launi kamar bakan gizo. Ya ce mai haƙuri zai ga siraran baƙaƙen layuka a cikin launukan, su ne ke nuna abubuwan da Allah Ya halicci rana da su.

Kwana tara ina leƙe, ban samu komai ba sai hawaye. Abokina kuwa ya yi ta matsa rezar da farce, har wata rana da hantsi ya daka tsalle.

"Modibbo, ga su! Ɗaya a rawaya, ɗaya wajen shuɗi!"

Modibbo, wato malami da Fulatanci, yake ce mini don tsokana, saboda na yi allo kuma ina rubutun ajami. Na leƙa, ban ga komai ba. Na ce, "Ƙwarai, ga su nan."

Kowa zai kawo zanen abin da idonsa ya gani. Shi ya zana biyunsa da fensir, a karkace. Ni kuwa na buɗe littafin malam a ɓoye, na kwafo layuka bakwai, na fere alƙalamin kara, na haɗa tawada kala-kala irin ta zayyanar allo. Malam ya ɗaga takardata a gaban aji, ya ce abokina ya koyi natsuwa a wurina. Ni aka tura. Abokin nawa ne ya ɗaukar mini kwalin har tasha, yana ta gargaɗina kada rezar ta goce.

Na yi istigfari ba iyaka, amma na san hakkin mutum ba a wurin Allah kaɗai ake neman yafiyarsa ba. Sai da muka yi furfura na sami abokin nawa a unguwar Makama, yana ɗinkin raga a ƙofar gida, 'ya'yansa mata biyu na tsince shinkafa a zaure. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya da ƙaramar murya.

Ya yi dariya har ya ajiye allura.

"Haba Modibbo, bakwai a wannan kwalin? Tun ranar na sani. Amma ɗaga murya, waɗannan sun ɗauka kifi kawai na iya gani."

Na juya wajen zaure, na ce musu babansu ne ya ga layukan rana da idonsa, ni kwafa na yi, kuma kujerarsa na hau zuwa Maiduguri.

"To, na yafe," in ji shi. "Tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce."