Baba Bai Karɓi Tubar Mai Yunwa Ba

Ƙarfe huɗu na yamma ne, a ƙofar ɗakin Baba mai bishara a unguwar Obiagu. Mu uku ne: shi, da ni mai taya shi bishara, da Sale ɗan dako, wanda ya wuni bai ci komai ba. Ƙamshin miyar kuka da na ji jiya ne ya tuna mini da zaman.

Sale ya durƙusa ya ce, "Baba, zan bi Yesu, in dai zan samu wurin kwana."

Baba ya tura masa kwanon tuwo mai tururi. "Ɗana, ci tukuna. Ga tabarma a ciki, ba sai ka sauya addini ba. Ranar da ba ka neman komai a wurina, ka zo mu yi wannan maganar."

Na yi gunaguni cewa zai kuɓuce mana. Baba ya harare ni.

Daga baya Sale ya samu okada, babur ɗin haya, ya kama ɗakinsa a unguwar Uwani. Wata Lahadi sai ga shi da wankakkiyar riga, ya ce, "Baba, yau don kaina na zo." Baba ya rungume shi yana hawaye.

Baba ya rasu, Allah ya ba shi hutawa. Kai mai karatu, in kana bishara, ina roƙonka kada ka ɗora wa taimakonka sharaɗi.