Karan Goggo Hajo

Duk wadda ta yi karatun allo a tsakar gidan Goggo Hajo ta Wagini ta san karan dawar nan nata. Kuskuren karatu bai sa ta ɗaga shi. Amma ki kuskura ki ƙarasa wa wata maganarta, sai ki sha shi a ƙwauri. "Maganar mutum ba tuwon biki ba ce da kowa zai tsoma hannu!"

Ni kuwa in'ina gare ni mai tsanani. Baba ya ce karatuna ɓata lokaci ne, gara in koma kiwon awaki. Goggo ta yafa zane ta iske shi har gona.

"Sule, ka bar min ɗiyar ga zuwa kaka. In ba ta karanta ba, ni zan yi maka kiwon!"

Sai ta haɗa ni hira da jakinta. Wallahi! In gaishe shi, in ba shi labari. "Shi bai dariya, bai katse mutum," in ji ta. "Ya fi rabin garin ga ladabi."

Wata rana jakadan Sarkin Ruma ya zo gaishe ta. Na durƙusa ina fama da "I-i-ina..." sai ya ce, "Kwana! Lafiya lau." Ji kake tsau a ƙwaurinsa!

"Ranka ya daɗe, kara bai san jakada ba," in ji Goggo.

Ranar da jakin ya faɗa wa waken da ta shanya kuwa, na rugo: "Go-goggo, ja-ja..." Kowa na kallonsa, har ita, amma wa zai tari numfashina? Ta gyara zama. Kafin in kai ƙarshe ya share tabarma.

"Madalla! Magana ta fito. Shi kuma malaminki ya ɗauki ladansa."

Da kaka na karanta Fatiha gaban Baba tiryan-tiryan. Ya share ido, wai hayaƙi ne. Ban yi kiwon nan ba har yau.

Da ciwon ajali ya kama Goggo, harshenta ya yi nauyi. Ta fara kalmar shahada, ta tsaya. Wata ta buɗe baki za ta taya ta, na riƙe mata hannu ina kuka.

"A bar ta ta ƙarasa," na ce.

Muka jira kamar yadda ta jira ni, ta kuwa ƙarasa da bakinta.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya saki harshenta ranar tambaya. Amin.