Ranar da na gwada injin gogar katako da baƙin hijabina

Shekarun baya can, lokacin maigidana yana aikin kafinta a zauren gidanmu a Kazaure, muka ɗauko mahaifiyarsa daga Gwiwa, don ƙafa ta yi mata nauyi kuma babu mai kula da ita a can. Na yi murna ƙwarai, Inna mace ce mai daɗin zama. Sai dai ba ta daɗe ba tari ya sa ta gaba.

Tsohon injin da yake gogar katako da shi ne sanadi. Da ya kunna, ƙura fara sol za ta shigo tsakar gida, ta sauka kan randa, kan shanya, har kan garin geron da nake bazawa a tabarma. Launinsu ɗaya, ban taɓa lura ba sai ran da Inna ta kurɓi kunu ta ce yau kunun ƙamshin sabuwar ƙofa yake. Muka yi dariya, amma da la'asar na tarar ta ƙulle kayanta a zani. Ta ce ba za ta hana ɗanta neman abinci ba, gara ita ta koma.

Da maigida ya ce zai je Kano sayen sabon inji, na ce ƙafata ƙafarsa.

A shagon aka jero mana injina, mai shago yana ta yabon ƙarfi da gudu. Idon maigida na kan wani ja mai ƙara kamar babur. Ni da ban san gaban inji da bayansa ba, na tambayi wanda ba ya tayar da ƙura. Ya nuna wani mai 'yar jaka a baya, ya ce ta hudojin samfefarsa, wato takardar gogar katakon, yake zuƙe ƙurar zuwa cikin jakar, kuma shi ya fi tsada. Na ce a gwada mu gani. Aka kawo guntun katako, na tsuguna na shimfiɗa gefen baƙin hijabina kusa da shi. Maigida ya kau da kai don kunya.

Jan nan aka fara kunnawa, ya mayar da ni kamar wadda ta fito daga wurin niƙa. Na kakkaɓe, aka kunna mai jakar. Hijabi baƙi wuluk, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

"Hajiya, wannan gwajin naki ni ma na ara," in ji mai shago.

Mai jakar muka saya. A mota ni na rungume kwalin har gida, ina ta hamdala. Muna isa maigida ya sa wa Inna kujera a zaure, ya karɓi sandarta wadda ke kartar mata tafin hannu, ya goge ta sumul a gabanta. Ta shafa sandar, ta ja numfashi a hankali, ta jira tarin. Bai zo ba.

"'Yar nan, kwance min ƙunshin can, ki miƙo min carbina," ta ce.

Daga ranar maigida ya riƙa sa takunkumi yana juye jakar a bayan gida, ni kuma na daina shara sai na yayyafa ruwa. Da can ina ganin kayan aikinsa ba ruwana da su, ashe har cikin ƙirjinmu suke shiga. Inna tana nan tare da mu, Alhamdulillah. Har yau idan na miƙa mata kunu sai ta shinshina tukuna, ta dube ni ta ce, "Yau dai gero ne zalla."