Taubashina Ya Toshe Mini Birki da Guduma

Taubashina ya cuce ni, kuma yana dariya ya yi cutar. Na kai masa mota sitiyarinta na ƙara, birkinta ya yi sanyi, ya rufe bakin ciwon ya bar ciwon a ciki. Da abin ya fashe kuma ya ɗora mini laifin. Ba zan kama sunansa ba, don ɗan kawuna ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Amma in aka karanta masa wannan ya san da shi nake.

A lokacin ni direba ne a tashar Talata Mafara. Ban yi nisa a boko ba, firamare na gama na zama karen mota, har Allah ya ba ni tawa. Tsohuwa ce, na yarda, ta girmi babban ɗana. Da ita nake bin kasuwanni, yau Bakura, gobe Maradun, jibi ƙauyukan ciki. Abin taƙamata ba motar ba ce, suna ne. Ba na gudu, ba na lodin ganganci. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, sa'ar uwata, ko mota nawa ta cika ta tashi sai ta zauna gefen kayanta ta jira ni. Takan ce wa 'yan kamasho ita ba ta gaji da duniya ba tukuna. Kujerar gaba tata ce, kowa ya sani.

Da damina ta kankama sai motar ta fara magana. In na karya kwana ko na faɗa rami sai in ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan ƙafata, sitiyarin ya yi lako-lako, sai na murza shi da ɗan dama kafin taya ta amsa. Birki kuma sai na yi ta bugawa kafin ya kama, da safe in tarar da ɗigon mai a bayan tayar gaba ta dama. Ban tsaya wasa ba, na kai ta garejin taubashin nan nawa. Zumunci ya kai ni. In na kai wa wani bakanike kawu ya ji, wata maganar ce.

To kun san taubashi. Ya zage ka, ya fizge maka hula a tsakiyar kasuwa, in ka yi fushi kai ne ba ka san al'ada ba. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, saboda haka tun muna yara bawansa yake kirana. Ina yi masa bayani yana cewa ba mota ce ke ƙara ba, gwiwoyina ne suka tsufa. Ya ce in bar ta in dawo da la'asar. Da na dawo ƙara ta ɗauke, birki ya yi tauri, taka ɗaya ya kama. Na tambaye shi me ya canza, ya ce yaushe bawa ya fara bincikar ubangidansa. Na ce ya nuna mini tsoffin kayan da ya cire, yadda kowane direba ke yi, ya ce ya ba 'yan gwangwan. Aka yi dariya, na tuƙa na tafi.

Ba a jima ba na lura in na taka birki motar sai ta fizga hagu. Na koma masa. Wallahi ko durƙusawa bai yi ya leƙa ƙasanta ba. Yana zaune kan benci ya ce tumbina ne ya rinjaye ta, tunda a hagu nake zama, in rage tuwo za ta miƙe. Direbobin da ke wurin har da masu riƙe ciki. Na buɗe baki in yi magana mai nauyi, sai na ga yadda za a ce wane ya yi fushi da taubashinsa. Na haɗiye, ni ma na yi dariyar. Da bare ne ya faɗa mini haka, da ban bar wurin ba sai an ɗaga motar a jak.

Ranar kasuwa na ɗauki lodi zuwa Janbako, tsohuwar mai daddawa tana gaba. Hanyar kun san ta, ido ɗaya a kan rami, ɗaya a kan daji. Muna gangarawa wani kwalbati shanu suka ɓullo daga cikin gero. Na danne birki da ƙarfi. Motar ta watsa hagu, na murzo dama, sai na ji sitiyari yana juyawa a hannuna kamar faifai, babu abin da ke riƙe da shi. Muka zarce cikin kwazazzabo. Allah ya tsare rai, sauran fasinja ƙujewa suka yi. Tsohuwar ce ta karye a ƙugu.

Bayan an wuce da ita wurin maɗori, na kwanta cikin taɓo na leƙa ƙasan motata. Mahaɗin ƙarfen da ke juya taya ya zare, ga yankakken tsohon tiyub yana lilo a jikinsa. Ashe bai canza komai ba, roba ya cusa a ramin da ya cinye don ƙarar ta mutu. Na bi bututun man birki na tayar dama, na tarar an ninke shi an daddake da guduma, ya yi faɗi kamar bakin cokali. Wato maimakon ya gyara inda ke yoyo, sai ya kashe birkin wannan tayar gaba ɗaya. Da ƙafa uku nake tsayawa duk kwanakin nan, da mutane a bayana. Na sa aka yanko mini wannan guntun na ajiye.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Kafin in dawo gari ya riga ya baza a tasha cewa shi ya gargaɗe ni in ajiye motar, na ƙi saboda son lodi. Waɗanda suka yi dariyar tumbi a gabansa babu wanda ya tuna. An gyara motar, amma sai in wuni ina kiran fasinja suna wuce ni. 'Ya'yan tsohuwar sun daina amsa gaisuwata. Ita kuma maɗori ya yi iya yinsa, har yau da jan gindi take fitowa tsakar gida. In na je dubiya sai ta ce kada in damu, ƙaddara ce, ta san hannuna. Wannan maganar ta fi zagi zafi. Na kai ƙara wurin kawu, ya ce tsakanin taubasai ba a shiga, a bar wa Allah.

Abin da na koya ke nan, kuma ga direbobi nake faɗa. Ƙarar da ta ɗauke ba tare da ka ga abin da aka cire ba, ba warkewa ta yi ba, bakinta aka toshe. Motar da ke fizga gefe in an taka birki, kada ka ɗauki ko akuya a cikinta sai an ɗaga ta ka gani da idonka. Kuma wanda ba za ka iya ɗaure wa fuska ba, kada ka ba shi birkinka.

Mun haɗu da shi a wani suna a Bakura, dangi cike da rumfa. Ya taho yana washe baki, yana kiran ina bawansa, ya miƙo hannu zai cire mini hula kamar yadda ya saba. Na riƙe hannun. Na zaro guntun bututun daga aljihu na danƙa masa a tafi, na ce:

"Ga aikinka, riƙe. Tsohuwar da ke ja da gindi ba taubashiyarka ba ce, da ita ba ka wasa. In ka isa, tashi mu tafi ka gaya mata tumbina ne. Har sai ka yi haka, ni ɗan gwaggonka ne, in an yi mutuwa mu haɗu. Amma hular ga, kada hannunka ya ƙara kai gare ta."